Gaba Goma Sha Ɗaya da Kamu

Ranar Laraba, darasin fiziks, bayan tara,
Malam Sada ya juya ga allo,
alli ya ƙare, ya tsinci guntu ya rubuta:

"Rijiya mai zurfin santimita dubu biyu,
an saki dutse daga bakinta.
Daƙiƙa nawa zai yi kafin ya taɓa ruwa?
Ku manta da iska, jan ƙasa goma ne.
Kowa ya lissafta."

Na yi murmushi. Ni ne fa ɗan Mati mai haƙar rijiya,
na san ƙamshin laka tun ban san baƙi ba.
Na ninka dubu biyu sau biyu, na raba da goma,
na nemo lambar da za ta ninka kanta ta ba ni ɗari huɗu.
Ashirin ta fito tsaf,
na ja layi biyu a ƙarƙashinta.

Takarda ta dawo da jan biro,
sifili kamar bakin randa,
a gefe kalma huɗu kacal:
"Ina ka kai mita?"

A Rafindadi na iske Baba yana wanke ƙafa.
Bai yi boko ba, amma ya san ja ba alheri ba ne.
Ya ce in karanta.

"Ashirin?" Ya ajiye buta. "Biyo ni."
Muka bi lungu har bayan Ƙofar Marusa,
inda wata rijiyarsa take, guga rataye a gefenta.

Ya zaɓi dutse kamar ƙwan zabo,
ya miƙa hannu tsakiya, ya ce, "Ƙirga."
Ɗaya.
Biyu.
Tsulum.
Sauran goma sha takwas suka maƙale mini a wuya,
suka ƙi fita.

"Wannan gaba goma sha ɗaya ce da kamu,
ni da Ɗan'iya muka haƙa ta, wata biyu da kwana tara.
Taka fa, da dutse ke yin ashirin,
nawa ne zurfinta?"

Na duba takarda, kunya ta rufe ni.
Na ɗauki santimita na ba shi rigar mita,
rijiyata ta zama kilomita biyu,
tafiyar da mutum zai nemi babur ko mota.

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki.
"To wa zai sauka? Wa zai ja guga?
Mai alwalar azahar sai ya kai la'asar.
Duk igiyar kasuwa ka ƙulla, ba ta isar ta."

Sai ya daina dariya.
"In mai gida ya ce mini goma sha ɗaya ya yi shiru,
taƙi ne? Kamu ne? Gaba ce?
Guminmu da kuɗinmu suna cikin kalmar da ka manta."

Da dare, a hasken tocila,
na kama ɗigo na mayar da shi hagu, taki biyu.
Sifili biyu suka zube kamar ƙasar baki,
dubu biyu ta koma ashirin,
dutsena ya faɗa ruwa a daƙiƙa biyu, ya huta.

Da asuba na aro tef ɗin awo a wajen Kulu tela.
Baba ya ware hannuwa a tsakar gida kamar zai rungumi bango:
mita ɗaya da santimita saba'in da bakwai.
Kamunsa rabin mita.

Na ninka, na haɗa, na sake.
"Baba, saura santimita uku ta cika mita ashirin."
Ya saɓa diga a kafaɗa, bai ko waiwayo ba.
"Rijiyar Malam ce ashirin.
Tawa, in kana son ukun nan,
ga igiya, sauka ka tambaye ta."